Waƙa a Falle Ɗaya: Abin da Tarihin Adabinmu Ya Tsallake

Duk wanda ya karanta tarihin rubutacciyar waƙar Hausa a makaranta zai fito da zaton cewa mazaunin waƙa shi ne littafi mai bango, irin wanda kamfanin Gaskiya ko NNPC suka buga a Zariya. A faro daga Sa'adu Zungur, a sauka kan Mu'azu Haɗeja, a bi ta kan Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da Na'ibi Sulaimanu Wali, shi ke nan an rufe babi. Ba mu da ja a kan girman waɗannan bayin Allah. Da tarihin muke jayayya, domin an gina shi ne a kan abin da ya samu shiga ɗakin karatu, alhali ɗimbin waƙoƙin da iyayenmu da kakanninmu suka riƙe a hannu ba su taɓa shiga tsakanin bango biyu ba. Falle ɗaya ne, ko biyu, ko 'yan warƙoƙi a naɗe cikin takarda mai launi, da ajami, ana saye da 'yan kwabbai a Kasuwar Kurmi ko a tabarmar mai littattafai ranar kasuwar ƙauye.

Yadda ake yin su ma abin nazari ne. Da injinan da ke ɗaukar hoton shafi su buga shi suka yawaita a Kano, sai masu sana'ar suka gane cewa mai saye ya fi natsuwa da rubutun da ya saba gani tun yana makarantar allo, ba haruffan ƙarfe irin na bugun Misira ba. Saboda haka sai a ba marubuci mai kyawun hannu ya rubuta da alƙalami da tawada, a kai wa mai inji ya fitar da ɗaruruwa. Abin da ke hannunka bugu ne, amma idonka rubutun hannu yake gani. A farko ko a ƙarshe sau da yawa za ka tarar da sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa, da na wanda ya rubuta, wani lokaci har da gargaɗin kada wani ya sake bugawa ba da izini ba. Abin da ke ciki kuwa madahu ne, da wa'azi, da furu'a, da marsiyyar wani shehi, da lissafin taurari.

Wannan na ƙarshen ya fi taɓa mu, mu mutanen tsakanin Kura da Bunkure. Waƙar taurari kalandar manomi ce: tana jera masa taurarin bazara da na damina da kwanakin kowanne, don ya san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. To, tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya riƙa biyo magudanai zuwa gonakin Kadawa, manomin shinkafa da alkama da tumatir ya samu wata kalandar, wato ranar da za a buɗe ƙofar ruwa. Takardar da aka daina buɗewa kuwa ba ta daɗewa a aljihu.

Muna ganin wanda bai riƙe irin wannan takarda ba, akwai abubuwan da ba zai gane dalilinsu ba a cikin waƙar kanta. Me ya sa mawaƙi yake ambaton sunansa da na mahaifinsa da garinsu a baitocin ƙarshe? Me ya sa yake saka shekarar da ya gama cikin haruffan ramzi, har wani ya ƙirga maka adadin baitocin? Masu nazari sukan lissafa waɗannan a ƙarƙashin "salon rufewa" su wuce, kamar ado ne. Ba ado ba ne. Takarda maras bango ba ta da inda za a rubuta sunan mai ita, kuma tana tafiya daga hannu zuwa hannu, kowa yana kwafa. Sai mawaƙi ya ɗinke shaidarsa a jikin waƙar, ya faɗi yawan baitoci don a gane in wani ya rage ko ya ƙara. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan dabara sarai, don ita muke yi in muna son tabbatar da cewa fayil ya isa yadda aka aiko shi.

Akwai kuma zancen kari. Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Ajami kuwa, duk da cewa kowane malami da irin hannunsa, yakan nuna jan wasali da alif da wawu da ya. Waƙar da aka ɗora a kan aruli, ranta yana ga wannan bambanci na gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ke nan takardar kwabo biyu ta Kurmi takan fi littafin makaranta gaya maka yadda mawaƙin ya so a rera baitinsa. In aka juya waƙa zuwa boko aka yar da asalin, an adana kalmomi, an zubar da rabin shaidar muryar.

Amurkawa sun yi irin wannan sana'a, kuma labarinsu yana da amfani a gare mu. Waƙar da ta zama taken ƙasarsu, a falle ɗaya aka fara buga ta a birnin Baltimore a watan Satumba na 1814. Kusan a daidai wannan lokaci wani tsohon mai ɗab'i, Isaiah Thomas, ya sayi takardun waƙoƙin titi kusan 300 daga wani mai bugawa a Boston, ya sa aka ɗinke su, ya ajiye a ƙungiyar adana kayan tarihi da ya kafa a Worcester. Bai ɗauke su a matsayin adabi mai daraja ba. So yake na baya su ga abin da talakawa ke saye. Yau da su ake sanin abin da mutanen gari ke rerawa a zamanin. Sannan a 1965 wani mawaƙi baƙar fata, Dudley Randall, ya kafa Broadside Press a Detroit, ya fara da falle ɗaya mai ɗauke da waƙarsa a kan bam ɗin da ya kashe 'yan mata huɗu a wata coci a Birmingham a 1963. Daga wannan falle kamfanin ya girma har ya buga manyan mawaƙan baƙaƙen Amurka. Sai dai a can abin ya rikiɗe daga baya ya zama kayan ƙawa: takarda mai tsada, kwafi ƙididdigaggu, sa hannun mawaƙi, a saka a gilashi a rataye. Wannan ɓangaren ba ya burge mu. Tamu takardar ta rerawa ce, darajarta tana ga maiƙon hannu da lanƙwasar aljihu.

Wa ya yi mana abin da Isaiah Thomas ya yi musu? Amsar tana da ɗan ɗaci. John Paden, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1960, ya tara rubuce-rubuce kimanin 600, da yawansu bugun kasuwa, galibi da Larabci, wasu da ajamin Hausa. Suna jami'ar Northwestern kusa da Shikago, tare da ɗakin karatun malamin nan ɗan kasuwa na Kano, Umaru Falke, wanda ya rasu a 1962. Ba ma zargin wanda ya saya. Da kuɗinsa ya saya a kasuwa, kuma ga shi abin ya tsira. A gida akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa, da Jami'ar Bayero, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma sun yi aiki. Amma a ganinmu ido ya fi karkata ga tsohon rubutun hannu na malaman jihadi. Bugun kasuwa ya faɗa tsakani: ga masu adana rubutun hannu bai tsufa ba, ga masu jera littattafai kuma bai kai littafi ba.

A gidajenmu kuwa hanya biyu takarda ke bi ta ɓace. Mai ajami, saboda tana ɗauke da sunan Allah, in ta yage sai a ƙona ta ko a binne don kada a taka. Mai boko kuma ta ƙare a hannun mai ƙosai. Ɗaya girmamawa ta cinye ta, ɗaya raini. Abin da ya rage gara ta ƙarasa. (Naɗe kaya da takarda ba baƙon abu ba ne a nan. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lura cewa takardar nan mai tambarin wata uku ana shigo da ita da yawa ne don naɗe tufafin da aka rina, kuma kowa ya san matsayin Kura a harkar turkuɗi.)

Wanda duk ya ci karo da irin wannan takarda a adakar kakarsa ko a gafakar wani tsoho, wayar da yake karanta wannan rubutu da ita ta isa. A ɗauki gaba da baya, har da gefen da aka yi ƙarin rubutu da farashin da aka sa, a rubuta garin da aka same ta. Kada a yanke hoton a bar baitoci kawai, don sunan mai bugawa da hannun marubuci su ne za su faɗi zamaninta in babu shekara.

Waƙar falle ɗaya ma ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Abin da matasa ke sakawa a Facebook, ko su tsara a hoto su tura ta WhatsApp, shi ne dai: waƙa guda, shafi guda, ba bango. Bambancin shi ne da yawa daga cikin mawaƙan yanzu sun bar al'adar saka suna da shekara a cikin baiti, suna ganin tsohon yayi ne, sai su rubuta sunan a sama ko a ƙasa. Kafin waƙar ta ratsa zaure uku an goge shi, wani lokaci har an maye gurbinsa da na wani. Wanda aka saƙa a cikin baiti kuwa, sai an karya kari da amsa-amo kafin a iya zare shi.