Jiki Magayi Labarin Tsoro Ne

Masu nazari da yawa sun mayar da Jiki Magayi littafin wa'azi kan tarbiyyar yara da sharrin kuɗi a harkar aure. Ban yarda ba. Littafin nan da John Tafida Umaru da Rupert East suka rubuta, wanda aka buga a Zariya a shekarun 1930, zamanin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, labarin tsoro ne, kuma a wannan fage ya kamata a auna shi. Masu cewa sai da fatalwa ko maita ake samun tsoro, su zo Upper Iweka a Anacha da dare, su ga 'yan uwanmu masu jiran motar Kano sun yi tsit kan labarin da ake karanta musu a waya. Abin da ke riƙe su shi ne sun san abin da mutumin cikin labarin bai sani ba.

Gwanin wannan dabara a adabin Amurka shi ne Edgar Allan Poe. A labarinsa The Cask of Amontillado na 1846, Montresor ya ja Fortunato cikin kabarin danginsa na ƙarƙashin ƙasa da sunan zai ɗanɗana masa wata giya mai tsada. Fortunato na sanye da kayan wawan sarki, ƙararrawa na kaɗawa a hularsa, yana ta tari. Montresor kuwa sai lallashinsa yake su koma saboda lafiyarsa, har ya nuna masa cokalin magini, shi ko bai gane ba. Gatse ne tsantsa. A ƙarshe ya ɗaure shi da sarƙa, ya gine shi da ransa, ya shekara 50 kafin ya ba da labari.

To, dubi namu. Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar masoyiyarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, don yana neman haihuwa ido rufe. Abubakar bai ɗauki wuƙa ba. Ya shiga duniya, ya sha baƙar wahala, ya samo asiri, ya sauke shi kan yaron da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, Abdullahi, wanda ake kira Kyauta. Daga nan mai karatu ba shi da sauran kwanciyar hankali. Uba na shagwaɓa ɗansa, yana murnar Allah ya share masa hawaye, mu kuwa mun san abin da ke girma a gidan. Yaro ya fara ɗauke-ɗauke, ya zama riƙaƙƙen ɓarawo, ya bar gari, har ranar da ya shiga wani gida sata ya kashe mutum, ashe mahaifinsa ne.

Nan ne nake ganin Jiki Magayi ya fi na Poe ratsa jiki. Montresor dare ɗaya ya gama aikinsa, kuma wanda yake ƙi shi ya kashe. Abubakar ya mai da yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba makami, ya bar uban ya ciyar da shi da hannunsa shekara da shekaru. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma a nan zafin ya faɗa har kan Zainabun da Abubakar ke cewa yana so, ta rasa miji a hannun ɗan cikinta.