Ampli mai araha da kalmomin da yake haɗiyewa

A ɗakin malamai na makarantarmu, tsakanin tsofaffin taswirori da kwalin alli, akwai wani baƙin akwati wanda bai fi jakar ɗalibi girma ba. Ampli ne na gita, wato akwatin da ke karɓar ɗan motsin wutar da tsirkiya ke haifarwa, ya ƙarfafa shi, ya fitar da shi ta lasifika. Ƙungiyar al'adu ta ɗalibai ce ta saye shi a 2019 da kuɗin da aka tara wajen wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, jikka 35, a wani shagon kayan wuta na Maraɗi. Da ni aka je cinikin, domin ni ke kula da ƙungiyar. Sunan da ke goshinsa ya yi kama da na wani babban kamfani, harafi ɗaya kawai aka musanya. A bayansa an rubuta wat 15.

Mai karatu na iya cewa me ya kawo kayan wuta cikin shafin sharhi. Dalilin shi ne, mafi yawan kiɗan gita da matasanmu ke yi, daga Yamai har Damagaram, ta cikin irin wannan akwati yake fitowa. Wanda zai yi sharhi kan goge bai san ƙoƙo da fata da izga ba, rabin magana zai yi. Gita mai wuta ita kaɗai kurma ce, da ƙyar mai kaɗa ta ke jin ta. Ampli shi ne ƙoƙonta, shi ne fatarta. Ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna kowane abin kiɗa.

Zan fara da alherinsa, domin yana da shi. A cikin aji, ranar Laraba da yamma, da yara biyar ko shida, ban taɓa samun abokin aiki mai gaskiya kamarsa ba. Ba ya rufa wa kowa asiri. Yatsan da bai danne tsirkiya sosai ba, ƙarar za ta yi zuza kowa ya ji. Wanda ya riga abokinsa shiga ko ya makara, babu inda zai ɓuya. Yana da sauƙin ɗauka, ana ɗaure shi bayan kabu-kabu. Yana da ƴar kafa ta abin sauraro na kunne, wadda ta sasanta wani ɗalibina da mahaifinsa bayan watanni ana kai ruwa rana kan hayaniya tsakanin magariba da isha'i. Gunjin da yake yi a ƙasa-ƙasa ba laifinsa ba ne shi kaɗai: wayoyin wutar ajinmu ba su da wayar da ake binnewa cikin ƙasa, shi ya sa da yaro ya ɗora hannu bisa tsirkiyoyi sai gunjin ya lafa, da ya ɗauke sai ya dawo.

Ɗaya daga cikin yaran yana da Micro Cube na kamfanin Roland, wanda yayansa ya aiko masa. Wannan ɗan akwati ya fito a 2004, ƙarfinsa wat 2 ne kacal, faɗin lasifikarsa santimita 12, kuma yana aiki da pil 6. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke ƙaruwa ana yawan ɗauke wuta, shi ke ceton darasin. Muryarsa ta fi ta namu tsabta nesa ba kusa ba, kuma a cikin aji ba mu taɓa jin ya kasa ba. Wannan ya fara sa ni shakkar lambar da ake rubutawa a bayan waɗannan akwatuna.

Mai gyaran rediyon unguwarmu, wanda namu ya kwana wurinsa sau uku, ya ce mini cututtukan da ke kawo su hannunsa ba su da yawa. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa, su riƙa ƙarƙara kamar ana taka busasshen kara. Dalmar da ta riƙe kafar waya tana tsagewa saboda ja. Injin wuta, wanda muke kira gurup, yana hawa da sauka ya ƙone na'urar ciki. Sai kuma na hannu da ake shigowa da su daga Amurka, waɗanda aka yi don wuta mai bolt 120, mai shi ya sa a tamu mai 220, ya ga hayaƙi tun kafin ya kaɗa tsirkiya ɗaya.

Duk wannan ana iya zama da shi. Inda maganar ta yi nauyi shi ne ranar da aka fitar da akwatin fili.

Bikin ƙarshen shekara ne, a farfajiyar makaranta, da iyaye da baƙi bisa benci da tabarmi. Akwai ganguna, akwai ƙwarya, ga gurup yana ruri bayan katanga. A cikin aji bango huɗu ke mayar wa ampli da muryarsa, su taimaka masa. A fili babu mai mayarwa: duk lokacin da nisan mai sauraro ya ninka, sauti na raguwa da desibel 6. Mai gita ya kasa jin kansa, sai ya yi abin da kowa zai yi, ya murɗa maɓalli har ƙarshe. To, ga abin da masu shago ba su faɗi. Ninka wat ba ya ninka ƙara. Desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ɗan lura da shi. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an riɓanya ƙarfin wajen sau 10. Saboda haka ɗalibin da ya ce da mun sayi mai wat 30 da an ji mu, ya yi kuskure. Girman lasifika ma yana da hukunci a nan. Tsirkiyar gita mafi kauri tana girgiza sau 82 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma lasifika mai faɗin santimita 16 ba ta iya tura iskar da wannan ƙasan murya ke bukata, saɓanin mai santimita 30 da ake sa wa manyan ampli. Idan aka nemi akwatin ya ba da abin da ba ya da shi, sai ya riƙa datse kawunan igiyar sauti. Tsofaffin ampli masu fitilun gilashi suna datsewa a hankali, da laushi. Masu araha na yanzu suna yanka ne kai tsaye. Abin da ke fitowa shi ne kaushin nan da samari ke kira «disto».

Da gita kaɗai ke ciki da da sauƙi. Amma akwatin yana da kafa ta biyu, kuma ba mu da kuɗin hayar manyan lasifikoki, don haka mikro ma nan aka soka shi. Wata ɗaliba ce ta tashi da waƙar da ta rubuta kan ƴan matan da ake cirewa daga makaranta. Mako uku muna gyaran baitocin ni da ita, muna auna kowace gaɓa. Lasifikar gita ba a yi ta don muryar mutum ba: da an wuce girgiza 5.000 a daƙiƙa sai ta soma kasawa, alhali a can saman ne ƙarar «s» da «ts» ke zaune. Abin da ya rage kuwa, kaushin gitar ya danne shi. Hausa harshe ne da ke rataye ma'ana bisa ƙananan abubuwa, hawan murya da saukarta, tsawon wasali, ɗan maƙoshin da ya raba «ƙasa» da «kasa», ya raba «ɗaka» da «daka». Waƙa kuwa dama tana karkatar da karin magana zuwa karin kiɗa, sai baƙaƙen su ne ke riƙe kalma. Ranar nan babu wanda ya tsira cikinsu. An tafa sosai. Da aka tashi wani dattijo ya tare ni ya ce: «Mushe, yarinyar nan da Faransanci ta yi waƙar?» Na ce: «A'a Baba, da Hausa ne.» Ya ce: «To, Allah ya yi albarka», ya wuce. Dominsa da ire-irensa aka rubuta waƙar.

Wani abokin aikina, mai son kiɗan Agadas, ya ce mini na cika tsaurin malamin harshe. A ganinsa kaushin nan shi ne daɗin abin, kuma kunnen Bahaushe bai taɓa ƙyamar zuza ba. A nan yana da gaskiya. Makaɗan garaya da kuntigi suna maƙala ɗan farantin ƙarfe mai zobba a ƙarshen wuyan abin kiɗansu don ya riƙa caccaka; mai ganga yana gitta tsirkiya bisa fata don ta yi zuza. Sautin da ya fita tas babu ƙura, irin wanda makarantun kiɗa na Turai ke nema, ba shi ne ma'auninmu ba. Sai dai a saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ko marigayi Malam Maman Barka da guruminsa, shi da ya yi malanta kafin kiɗa ya ɗauke shi. Caccakar tana nan, amma tana kewaye murya ne kamar zare a bakin riga. Da mawaƙi ya buɗe baki, hannu ya sassauta. Da ya yi shiru, kiɗa ya cika wurin. Makaɗi ne ke riƙe da zuzar. Ampli da aka murɗa har ƙarshe ba ya sassautawa, domin a wannan matsayi ko an taɓa tsirkiya a hankali ko da ƙarfi kusan ƙara ɗaya ke fitowa. Ya ƙwace wa hannu ikonsa.

Maganar Agadas tana bukatar a tsaya kanta, domin daga can yaranmu ke ɗaukar misali. A 2007 kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da faifan Group Inerane a jerin da ya kira Guitars from Agadez, a 2009 kuma na Group Bombino. Duk wanda ya saurari ɓangaren wuta na waɗannan faifai zai ji kayan sauti suna kuka, an kai su maƙura. Masu sharhi na ƙasashen waje sun yi marhabin da wannan, suka ji yashi da iskar hamada a ciki. Ni abin da nake ji shi ne ƙwararrun makaɗa suna kokawa da kayan da suka yi musu kaɗan, suna kuma cin nasara. Yabon na hannunsu ne, akwatin bai ci ba. Faifan na Bombino ma ya ba da hujja da kansa: fuskarsa ta farko gita ce marar wuta, kuma babu abin da ya ragu na gwaninta.

Tarihin kaushin sauti a wajen Turawa ma akwai hannun lalacewa a cikinsa. Ana ba da labarin cewa ampli ɗin Willie Kizart ya samu rauni a hanya kafin a ɗauki «Rocket 88» a Memphis a 1951, aka bar shi haka saboda sautin ya burge mai ɗaukar. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga lasifikar ɗan ampli ɗinsa don ya sami muryar «You Really Got Me». Amma a lura, shi ya ɗauki rezar da hannunsa. Haka Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Ya ɗauki Anar a Sakkwato a 2008 da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula. Da ya sami ɗakin ɗaukar sauti a Detroit don Ilana, wanda ya fito a 2019, bai wanke sautinsa ba, ƙara masa wuta ya yi, domin fushin da yake son faɗi yana bukatar haka. Sa'an nan a 2025 ya fito da Tears of Injustice, inda ya sake waƙoƙin Funeral for Justice na 2024 da gita marar wuta. Mutum ne mai hanya biyu a gabansa, yana bin wadda ya so. Ɗalibina da ke tsakiyar farfajiya hanya ɗaya gare shi, kuma yana tsammanin abin da yake yi salo ne.

Wannan ne ƙorafina kan ampli mai araha, kuma ya wuce batun kuɗi. Yaron da ya girma da shi yana koyon cewa ƙara ita ce kiɗa. Ba ya koyon sassauta hannu don mawaƙi ya wuce, tunda akwatin bai taɓa saka masa da komai ba in ya sassauta. Na sha zuwa bikin aure inda gita ta yi awa uku ba a tsinci baiti ɗaya ba, alhali a al'adarmu waƙar biki magana ce: ana kiran sunan dangi, ana kirari, ana zambo, mai kuɗi ya san dalilin da zai sa hannu aljihu. Duk lokacin da na sa wa ƙungiyar Les Filles de Illighadad, waɗanda suka fito daga karkarar Abalak, sai yaran su ce gitar Fatou Seidi Ghali ba ta da ƙarfi. Ina sa su sake saurare, su faɗa mini ko akwai gaɓa ɗaya ta Tamajak da gitar ta taka, ko da ba su jin harshen.

Ga ƙungiyoyin da ke shirin saye, akwatin jikka 35 ya isa aji, kuma ba na nadamar sayensa. A fili kuwa kada a sa shi aikin da ba nasa ba, kada kuma a taɓa soka mikro a jikinsa. A bikin da ya biyo baya mun rage kuɗin lemo muka yi hayar lasifikoki biyu na yini ɗaya. Murya ta bi ta cikinsu. Ampli muka ɗora bisa kujera daidai kunnen mai gita, maɓalli ƙasa da rabi, muka ajiye wani mikro a bakinsa. Na manna ɗan tef a wurin da ba a yarda maɓallin ya wuce ba. Mai gitar ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni da fara'a. Ɗalibar da ta rubuta waƙar ta riga ta gama makaranta, ƙanwarta ce ta rera ta, kuma a baiti na uku wasu mata biyu a layin baya suka soma gardama a kan abin da aka faɗa.