Jarumi Tesiyus A Hannun Marubuta Biyu

'Yan makaranta, da yawanku kun san labarin Tesiyus, ɗan Sarkin Atina ta ƙasar Girka, wanda ya ƙetara teku zuwa tsibirin Kirit, ya kashe dodon nan mai jikin mutum da kan bijimi, wanda akan kai wa samari 7 da 'yammata 7 ya cinye. Mun ɗauki littattafai biyu da suka juya wannan labari domin yara, mun gwada su, mun ga ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne Tanglewood Tales na Nathaniel Hawthorne, mutumin Amurka, ya fito a 1853. Na biyu The Heroes na Charles Kingsley, limamin coci a Ingila, wanda ya rubuta wa 'ya'yansa, ya fito a 1856.

Wajen daɗin magana ba mu ƙi Hawthorne ba, bakinsa da zaƙi. Amma ku lura da abin da ya yi wa Ariyadni, 'yar Sarki Minos. Ita ce ta ba Tesiyus zaren da ya bi har ya fito daga gidan nan mai ruɗaɗɗun hanyoyi. Mutanen da sun ce ta gudu tare da shi, da suka isa tsibirin Naksos ya tashi ya bar ta tana barci. Har Ovid, mawaƙin Rumawa, ya tsara wasiƙar kuka da bakinta. Hawthorne kuwa sai ya ce ƙarya ake yi wa jarumi, yarinya ce ta ƙi bin sa don tausayin tsohonta. Wai don kada zuciyar yara ta ɓaci. To, a ganinmu nan ya cuce su. Yaron da aka saba masa da cewa duk wanda ya kashe dodo ba ya cin amana, ran da ya ga babban mutum ya ci amanar wanda ya taimake shi, sai ya kama nema masa hanzari.

Kingsley bai share wannan tabo ba. Ya kawo abin da waɗansu suka ce, ya kawo abin da waɗansu suka ce, ya bar wa mai karatu. Ya kuma bi Tesiyus har tsufansa, yadda girman kai ya kai shi neman sato matar sarkin lahira, da yadda ya mutu a wulakance a tsibirin Sikiros. Laifinsa guda, wa'azi ya yi masa yawa, kamar bai yarda yaro zai gane da kansa ba.

Dukansu biyu sun faɗi yadda Tesiyus ya manta bai sauke baƙin filafilan jirginsa ba, uban ya hango, ya zaci ɗansa ya mutu, ya faɗa teku. Amma Hawthorne ya yi saurin naɗa masa sarauta, ya rufe labari. Wanda ya sami biyun a ɗakin karatu, ya fara da Hawthorne, sa'an nan ya buɗe Kingsley a daidai wurin da jirgi ya bar Kirit.