Baƙo a Duniyar Almara: Yadda 'Yan Wasa ke Karɓar Sabon Jinsi a Wasannin Intanet

Daga cikin wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet akwai rukunin da aka gina bisa almara, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke shiga ƙagaggiyar duniya guda a lokaci ɗaya, kowa da surar da yake sarrafawa, suna yaƙi da fatauci da ƙulla ƙawance. Kafin ɗan wasa ya sa ƙafa a wannan duniya sai an jera masa halittu ya zaɓi wadda zai zama, ko mutum, ko wada mai gemu, ko dogo mai tsinin kunne da ake kira Elf, ko ƙato kore mai haure da ake kira Orc, kuma kowace ƙabila daga cikin waɗannan halittu ita ake nufi da jinsi a wannan nazari. Tushen al'adar yana cikin littattafan J. R. R. Tolkien na Ingila da wasan tebur na Dungeons & Dragons wanda ya fito a Amurka a 1974. Abin lura shi ne duk lokacin da kamfani ya ƙara sabon jinsi cikin jerin, sai gardama ta kaure tsakanin 'yan wasa, kuma idan aka bi diddiginta za a tarar jayayya ce a kan wane ne ɗan gida, kuma wa ke da ikon shigo da baƙo.

Wasan da ya fi fito da wannan al'amari fili shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda aka buɗe a watan Nuwamban 2004 da jinsi takwas da aka raba gida biyu masu gaba da juna, wato Alliance da Horde, kuma masu biyan kuɗinsa na wata-wata suka kai miliyan 12 a 2010. A farkonsa jinsi ne ke ƙayyade garin da ɗan wasa zai fara, da ɓangaren da zai yi wa yaƙi, da sana'o'in yaƙin da aka yarje masa, har ma da waɗanda zai iya magana da su, domin a tsarin farko ɗan Horde ba ya fahimtar rubutun ɗan Alliance. Wanda ya shafe shekaru yana raya sura guda, yana tara mata makamai da suna, ba ya kallon jerin jinsi a matsayin ado kawai, saboda haka duk canjin da aka yi wa jerin yakan ji shi a jikinsa.

Ƙorafi na farko shi ne na asali, kuma ya bayyana ne sa'ad da aka shirya ƙarin The Burning Crusade wanda ya fito a Janairun 2007, ƙari kuwa shi ne sabon babi da ake sayarwa a ɗora kan tsohon wasa. An ba Alliance jinsin Draenei, waɗanda a wasannin kamfanin na baya aka nuna su a matsayin nakasassun halittu masu muni, amma yanzu aka dawo da su dogaye shuɗaye masu ƙaho da kofato, aka ce jirginsu mai ratsa duniyoyi ne ya faɗo da su. Masu bin tarihin wasan sun nuna cewa sabon labarin ya ci karo da abin da aka rubuta a baya, har Chris Metzen, babban mai tsara labarin, ya fito a 2006 ya amsa cewa kuskuren nasa ne. A ɗaya ɓangaren an ba Horde jinsin Blood Elf, kyawawa masu laushin fuska, cikin rundunar da aka sani da dodanni, tsofaffin 'yan Horde suka ce an ɓata musu gida, amma ba a jima ba wannan jinsi ya zama cikin waɗanda aka fi zaɓa. Wannan ya nuna cewa masu ɗaga murya ba lallai su ne mafi rinjaye ba, kuma kamfani yakan duba abin da hannu ya zaɓa fiye da abin da baki ya faɗa.

Ƙorafi na biyu shi ne na kama da ƙima, kuma babu misalin da ya kai na Pandaren, wato halittu masu siffar dabbar fanda ta ƙasar Sin, waɗanda aka sanar da zuwansu a taron Blizzard na BlizzCon a Oktoban 2011, ƙarin Mists of Pandaria da ya kawo su kuma ya fito ranar 25 ga Satumban 2012. Da yawa sun ce an mayar da wasan manya na yara, suka zargi kamfanin da kwaikwayon fim ɗin Kung Fu Panda na 2008 da kuma kwaɗayin kasuwar Sin. Zargin kwaikwayon bai tsaya da ƙafarsa ba, domin mai zanen kamfanin, Samwise Didier, ya ƙirƙiro su tun kafin fim ɗin, an fara nuna su a matsayin barkwancin ranar 1 ga Afrilun 2002, suka kuma shiga wasan kamfanin na Warcraft III a 2003. Tun a lokacin an yi wata gardamar, domin zanen farko ya sanya musu sulken mayaƙan Japan, 'yan wasan Sin suka nuna rashin jin daɗi, aka sauya musu tufafi. Bayan shekaru sun shuɗe sai ga wannan ƙari da aka yi wa dariya ya zama abin bege, har kamfanin ya sake fito da shi a tsohuwar siffarsa a 2025.

Ƙorafi na uku ya sha bamban da na baya, domin masu shi so suke a ƙara, abin da ya dame su shi ne an ba su rabi. A wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, ƙarin Shadowbringers na 2019 ya zo da jinsi biyu, Viera masu kunnen zomo mata zalla, da Hrothgar masu kan zaki maza zalla. Shugaban aikin, Naoki Yoshida, ya bayyana cewa matsalar ta aiki ce da kuɗi, tunda kowace riga da sulke da ke cikin wasan sai an sake daidaita su da sabon jiki, shi ya sa ma aka daɗe ɗan wasa na iya sanya wa Viera hula amma ba ta bayyana a kansa. Matsin lambar 'yan wasa ya sa aka kawo mazan Viera a 2021, matan Hrothgar kuma a 2024.

A unguwannin Hausawa na Legas, kamar Agege da Idi-Araba, wannan gardama tana zuwa ne ta wata ƙofar daban. Wasa irin World of Warcraft yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki da biyan kuɗin waje kowane wata, don haka abin da ya fi yawa shi ne shagon gem, inda janareto ke ruri a waje, matasa na layi a kan benci suna jiran a gama wasan ƙwallo a talabijin su karɓi abin sarrafawa, wanda aka ci ya tashi. Sai kuma wayar hannu, wadda kasuwar Computer Village ta Ikeja ke wadata unguwannin da ita sabuwa da ta hannu, a kanta ake buga Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile. A waɗannan wasanni jarumai da tufafi da makamai ake ƙarawa a kai a kai, kuma tambayar da ke gaba ita ce ta ƙarfi da kuɗi, wato ko sabon jarumin ya fi tsofaffi ƙarfi har mai kuɗin saye ya rinjayi mai gwaninta, da kuma yawan datar da sabuntawar za ta cinye.

Akwai kuma ma'aunin addini da na wakilci, waɗanda suka fi kusa da zuciyar ɗan wasa Musulmi ɗan Afirka. A watan Yunin 2020 PUBG Mobile ya shigo da wani salo da ɗan wasa ke rusunawa gaban gunki don ya sami ƙarin lafiya da kaya, Musulmi a Kuwait da Saudiyya da wasu ƙasashe suka yi tir da shi, kamfanin ya cire wannan ɓangare ya ba da haƙuri. A gefe guda kuma wasan Overwatch ya kawo Doomfist a 2017, ɗan Najeriya mai suna Akande Ogundimu, Valorant ya kawo Astra 'yar Ghana a 2021, Apex Legends kuma ya kawo Seer mai sunan Ibo a shekarar. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran jinsi da ita ta shiga zargi saboda alaƙarta da wariyar launin fata, har masu Dungeons & Dragons suka sanar a Disamban 2022 cewa za su daina amfani da ita.

Mazaunin zango ba zai rasa gane fasalin wannan jayayya ba, domin Hausawan Agege, waɗanda cinikin goro da layin dogon da ya isa Kano a 1911 suka ƙarfafa zamansu, sun san matakan da baƙo ke bi: a fara tambayar asalinsa, a yi tsegumi kan kamanninsa, a ji tsoron zai ƙwace wa wani kasuwa, daga baya a saba da shi har ya shiga sahun masu tuhumar wanda ya zo bayansa. Bambancin shi ne a zango akwai mai masauki da sarkin Hausawa da za a kai wa kuka, a wasa kuwa hukuncin yana hannun kamfanin da ke can nesa, kamar California ko Tokyo, kuma kunnensa ya fi jin kasuwar da ta fi biya, kamar yadda sauyin tufafin Pandaren da cire gunkin PUBG suka nuna. Legas tana da masu ƙera wasanni, irin su Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, Kamaru kuma ta fitar da wasan almara na Aurion a 2016, amma Dodo da Gizo da Ƙoƙi da 'yan ruwa na tatsuniyar Hausa har yanzu ba su shiga jerin zaɓi na wani babban wasa ba. Ranar da za su shiga, tambayoyin asali da kama da addini za su taso da Hausa, kuma amsarsu za ta dogara ne ga ko akwai Bahaushe cikin waɗanda suka rubuta labarin da waɗanda suka yi zanen.