Jan Steen: Gwanin Ɓoye Wa'azi Cikin Raha

Wa'azi da baki kowa na iyawa. Amma a zana taron mashaya suna sheƙe aya, mai kallo ya yi dariya, daga baya jikinsa ya yi sanyi, wannan sai gwani. Jan Steen, wanda aka haifa a Leiden ta ƙasar Holan a 1626, ya rasu a 1679, gwanin wannan fage ne. Ba labari ya ji ba: mahaifinsa mai dafa giya ne, shi ma ya buɗe mashaya a 1672.

Dubi zanensa na 1663 da ke gidan tarihi na birnin Biyana. Da farko idonka zai faɗa kan wata mace mai murmushi riƙe da kofin giya, saurayi ya ɗora mata ƙafa a cinya. Nan haske ya fi yawa, nan mai zanen ya ɗana tarkonsa. Sai ka lura uwargida ta yi barci, kare ya hau tebur yana cin abinci, yaro yana zuƙar lofe, giya tana tsiyaya daga ganga, alade ya shigo ɗaki. Can sama kuma kwando ne a rataye, da takobi da sandar gurgu a ciki, wato hukunci da talaucin da ke jiransu. Babu wanda ya ɗaga kai ya gani, sai kai mai kallo.

Fentin mai ne ya ba shi wannan dama. Ba ya saurin bushewa, don haka ana shafa shi hawa-hawa har ƙyallin siliki da jan idon mashayi su fito. Kuma Steen yakan zana fuskarsa cikin taron yana dariya, bai ware kansa daga masu laifi ba. Irin dabarar 'yan kama ce a ƙasar Hausa: a ba ka dariya, a gaya maka gaskiya.

Matasan Dutse masu zanen allunan shaguna da jikin motoci, akwai darasi a nan. In za ku yi gargaɗi kan shaye-shaye, kada ku tsaya ga rubuta "a daina". Ku zana daɗin da ke ruɗar mutum, ku ajiye sakamakonsa a gefe, ku bar mai kallo ya gano da kansa.