Jinjina Ga Masu Ɓoye Waƙa Cikin Zane

A 1977 aka fara buga mujallar Games a Amurka, kuma sau da yawa bangonta ma kacici-kacici ne. Will Shortz ya yi editanta daga 1989 zuwa 1993, kafin ya koma jaridar New York Times. Amma jinjinata ta yau ta masu zanen irin waɗannan shafuka ce, waɗanda ba kasafai ake kula da sunayensu ba.

Dubi wahalar aikin. A ce an ba mutum sunayen waƙoƙi, aka ce ya ɓoye su cikin hoto guda, babu rubutu. Na wasu da sauƙi: jirgin ƙarƙashin teku mai launin rawaya, kowa ya gane waƙar Beatles ta 1966, Yellow Submarine. Ruwan sama mai launin shanshanbale kuwa Purple Rain ce ta Prince, ta 1984. Gwanintar tana bayyana ne inda sunan ba shi da siffa, sai an bi ta amon kalma ko ma'anarta ta biyu. Nan mai zane yake auna hankalin mutumin da bai taɓa gani ba. In ya bayyana da yawa, wasa ya mutu. In ya ɓoye da yawa, ya zalunci mai karatu.

Wannan adalcin nake girmamawa. Sai ka yi ta juya shafi, ka ajiye, ka dawo, kwatsam amsa ta faɗo maka, ka tarar tun farko mai zanen bai rage maka komai ba.