Kayan aljihu a Kano: a bar wuƙar a gida

Wani yayi ya shigo mana ta Instagram da TikTok, kuma ya fara kama samarinmu masu ɗan abin hannu. Mutum zai zazzage aljihunsa a kan tebur, ya jera abin da ke ciki reras, ya ɗauki hoto. Masu abin suna kiransa EDC, wato kayan da ba ka fita ba tare da su ba. Idan ka kalli hotunan da yawa za ka ga kusan abu ɗaya ake maimaitawa: wuƙa mai naɗewa, 'yar tocila ta ƙarfe, biro mai nauyi, siririyar lalita da ba ta cin komai sai kati, agogo, da laita ta Zippo ko da mai ita bai taɓa kunna sigari ba.

Ina son tunanin da ke ƙarƙashin wannan yayi. Mutum ya zauna ya tambayi kansa me rana za ta iya jefo masa, ya tanadi maganinsa tun kafin ya sa ƙafa a waje, wannan hankali ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake ja da shi shi ne kwafe jerin kayan wani gari a zuba a aljihun mutumin Kano, musamman wuƙar nan da aka mayar sarauniyar hoton.

Su kansu kayan da ake ɗokin saye, larura ce ta haife su. Wuƙar sojan Suwizalan da Karl Elsener ya fara kai wa rundunar ƙasarsa a 1891 an tsara ta ne don soja ya buɗe abincin gwangwani, ya kuma kwance bindigarsa ya gyara. Kamfanin da ya kafa a 1884 a ƙauyen Ibach shi ne Victorinox na yau. Tim Leatherman kuwa tsohuwar Fiat ce ta riƙa lalace masa a hanya lokacin da yake yawo a Turai a 1975, ya ga wuƙar aljihunsa ba ta da filaya, ya koma Amurka ya yi shekaru yana gwaji har ya fitar da kayansa kasuwa a 1983. Kowanne cikinsu ya dubi matsalar da ke gabansa ne ya ƙera mata magani. Mu ma haka iyayenmu suka yi. Wanzami da zabirarsa, almajiri da gafakarsa, matafiyi da ƙyastu da hantsakin cire ƙaya, mace da tandun kwalli da 'yan kuɗinta ƙulle a haɓar zane. Har yau idan dattijo ya zo alwala a bakin masallaci, dubi abin da yake fitarwa daga aljihun gaba don kada ya zube idan ya sunkuya: carbi, asuwaki, tsinken sakace, ɓarin goro a leda, 'yar kwalbar turare, hankici a ninke. Babu ko ɗaya a ciki da zai kwana bai taɓa shi ba.

To me ke yanke wa mutum hanzari a Kano? A ganina wuta ce, da kuɗi, da waya, da yanayi. Duk abin da bai amsa ɗaya daga cikinsu ba, nauyi ne kawai.

Wuta dai kowa ya sani. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali an riga an lalata na Shiroro zuwa Kaduna. A kwanakin nan masu cajin waya da janareta su ne manyan gari, ana bin layi a rumfunansu. Saboda haka fawa bank a nan ba ƙawa ba ce. Sai dai a fahimci lissafinta, don mutane da yawa suna jin an cuce su alhali yanayin abin ne. Adadin da aka rubuta a jiki, misali 10,000 mAh, an auna shi ne a kan ƙarfin batirin ciki, wajen bolt 3.7. Kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, kuma wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa wayarka bai wuce wajen kashi biyu cikin uku ba. Ke nan waya mai batir 5,000 za ta cika sau ɗaya da ɗan ɗori, ba sau biyu ba. Idan wani ya sayar maka da wata 'yar falan-falan mai rubutun 50,000 a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ƙarya ce a jikin kwalin. Ga mai yawon cikin gari, 10,000 ta gaske da gajeriyar igiyar caji mai kyau sun isa, kuma suna shiga aljihun kaftani ba tare da sun ja shi gefe ɗaya ba. Tocila ma ina goyon bayanta, ƙarama wadda ake cajawa da igiyar wayar. Dalilina ba ƙarfin haskenta ba ne. Wanda ya kunna fitilar wayarsa a lungu da daddare ya nuna wa duk mai kallo inda wayar take.

Kuɗi kuma, waɗanda suka ga farkon 2023 ba sa buƙatar wa'azi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin aka ce an daina karɓa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da su. Mutum da kuɗinsa a asusu ya kasa sayen koko da ƙosai. Wannan wahala ta koya wa masu shayi da masu kayan miya karɓar tiransifa, ta kuma cika gari da masu POS. Amma daga nan sai wasu suka zarce, suka ce zamanin tsabar kuɗi ya wuce. Bai wuce ba. Tsaya a bakin titi a Ƙofar Nassarawa da yamma ka ga yadda ake yi idan fasinja ya sauka daga adaidaita sahu ya ce zai tura. Direba yana riƙe da birki, mutum biyu a baya suna tsaki, mai turawa yana kallon waya tana juyawa, yana cewa ya fita daga wajensa, direba yana cewa bai ga alat ba. Naira ɗari uku ce ta tsayar da mutum huɗu a cikin rana. Siririyar lalitar ƙarfe da ake talla ba ta san da wannan ba, an yi ta ne don garin da ake taɓa kati a bakin ƙofar jirgin ƙasa a wuce. A nan kana buƙatar canji, 'yan ɗari-ɗari da ɗari bibbiyu, a aljihun da hannu ke kaiwa da sauri, da kuma kuɗin komawa gida a wani aljihun dabam wanda ba ka taɓawa sai ta ɓaci.

Wannan rarrabawa ita ce babban abin da yayin ya rasa. Yana koya wa mutum ya tara komai a 'yar jaka ɗaya mai zif, ko ya manna katin banki a bayan rigar waya, don a ga tsari. A garin da ƙwacen waya ya yi ƙamari har majalisar tsaro ta jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023, tara komai wuri guda ganganci ne. Wanda ya fizge wayar ya tafi da katin, da layin da banki ke turo lambar sirri, da lambobin duk wanda za ka kira ya taimake ka. Waya a aljihu ɗaya, kati a wani, katin shaida a na uku. Layin kuma a sa masa lambar kulle ta kansa, ba ta fuskar waya kaɗai ba, don ɓarawo ba ya wahalar da kansa da buɗe wayarka, cire layin yake yi ya sa a ƙaramar waya ya shiga gwada lambobin banki. Layin da aka kulle, idan aka kuskure lambar sau uku ya rufe ke nan sai da PUK. Wannan bai ci ko sisi ba, kuma ya fi duk wani ƙarfe da za ka saya amfani. Masu ɗaukar hoton kuma su sani cewa ana iya yanka makulli daga hoton da ya fito da haƙoransa sosai, balle katin banki da aka ajiye fuska sama.

Yanzu ga wuƙar. Na san abin da masu sonta ke cewa: kayan aiki ce, ana yanka igiya, ana ɓare lemo, ana buɗe kwali, kuma kakanninmu ba sa rabuwa da ita. Gaskiya ne, makiyayi da mafarauci da manomi har gobe suna da hujjar ratayawa. Amma saurayi mai zuwa ofis a Zoo Road ko lacca a jami'a, sau nawa a wata yake cin karo da abin da sai kaifi? Abin yanke farce mai ɗan magogi, ko ƙaramin almakashi, zai yi masa kusan duk wannan aikin. A ɗaya gefen kuma dubi abin da yake ɗauka wa kansa. Wuƙa a aljihun matashi a Kano tana da ma'anar da kowa ya sani, domin da ita ake daba, da ita ake ƙwacen waya, kuma rundunar 'yan sandan jihar ta sha baje kolin matasan da ta kama da ita. Idan aka tare ka a shingen bincike da daddare aka laluba, babu mai tambayar sunan kamfanin da ya ƙera ta. Mai cewa don kare kai yake riƙewa kuwa, shi ya fi ba ni tsoro. Masu ƙwace ba sa zuwa su kaɗai, kuma sun riga ka shirya wa zubar da jini. Zare wuƙa a gabansu yana mayar da asarar waya asarar rai, naka ko na wani, kuma ko wanne ne iyalinka ne za su kwana da shi. Akwai kuma ranar da babu ɓarawo, sai dai cacar baki a gidan mai ko a cunkoson Kantin Kwari, rai ya ɓaci, hannu ya tafi aljihu.

Ko a ƙasashen da yayin ya fito wuƙar tana ja da baya. A Ingila doka ba ta yarda ka yi yawo da ita haka siddan ba sai mai naɗewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an hana shiga jirgin sama da ita, cinikin Victorinox ya faɗi sosai, kuma a 2024 shugaban kamfanin ya bayyana cewa suna aikin fitar da kayan aljihu marasa kaifi. Mai gyaran lantarki ko makanike da ke riƙe wuƙa, wannan dabam, kayansa suna cikin jakar aiki tare da sauran abin da ke nuna sana'arsa.

Yanayi bai buƙatar dogon bayani. Hankici a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, takunkumi da man leɓe idan hunturu ya sauko da ƙurarsa, gorar ruwa ga mai jaka.

Na lura hotunan nan kusan duk na maza ne, alhali mata sun riga mu iya wannan tsari tun ba a ba shi suna ba. Ɗinkinsu ba kasafai yake zuwa da aljihu ba, don haka komai a jaka yake, kuma jakar uwa ita ce agajin gaggawa na duk wanda ke kusa da ita: audugar mata, fil, allura da zare, farasitamol, tishu, alawar lallashin yaro. Sau da yawa a gidan biki ko a layin asibiti, abin da ya fitar da wani daga kunya daga irin wannan jaka ya fito. Shawarata gare su ɗaya ce, ita ce dai ta rarrabawa, tunda jakar hannu ce abu na farko da ake fizgewa. Ƙaramar jakar rataye a ƙarƙashin hijabi, mai ɗaukar waya da kuɗin mota, ta fi aminci, kuma telan da ke ɗinka doguwar riga ba zai ƙi sa aljihun ciki ba idan aka ce ya sa.

Abu na ƙarshe da nake so ya shiga kowane aljihu shi ne wanda ban taɓa gani a hotunan ba, wataƙila don ba a sayar da shi: takarda. Yawancinmu yau ba mu haddace lambar kowa ba, wani ko ta matarsa. Idan aka yi haɗari a titi, mutanen kirki ne ke ruguwa su ɗauki wanda ya faɗi, su laluba aljihunsa, su tarar da waya a kulle ko a fashe, a kai shi asibiti a rasa wanda za a kira. Ƙaramin kati da ya kai girman na banki ya isa. A rubuta suna da unguwa, lambar mutum biyu na gida, rukunin jini idan an gwada an tabbatar, da duk wata larura da likita ya kamata ya sani kafin ya taɓa mutum, kamar sikila, ciwon suga, asma, farfaɗiya, ko maganin da jiki ba ya karɓa. Mai asma ya haɗa da abin shaƙarsa, mai ciwon sugan da ke kan allura ko ƙwaya ya sa 'yan dabino ko alawa saboda faɗuwar suga. A bayan katin a rubuta lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu daga kowace waya. Lambar IMEI kuwa, wadda ke fitowa idan ka danna *#06#, a rubuta ta a ajiye a gida tare da kwalin wayar, don ita 'yan sanda za su fara tambaya. A kai katin wajen masu laminetin saboda gumi, a kuma yi wa yaran da ke tafiya makaranta su kaɗai nasu.